Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Da Aka Ce An Yi wa Ƙanena Kurciya

A makon jiya na tsaya ne a kan dokar gwamnatin Jihar Legas da ta fara aiki ranar 1 ga Fabrairu, 2020, wadda ta hana acaɓa da Keke Napep zirga-zirga a ƙananan hukumomi shida, ciki har da Apapa da Ikeja da Surulere. Ƙanena, wanda ni na ɗauko shi daga ƙauyenmu na ƙasar Malumfashi, yana cikin waɗanda dokar ta rutsa da su. An kama babur ɗinsa, babur ɗin kuwa na biyan kaɗan-kaɗan ne, ko rabin kuɗin bai kai ga biya ba. Mai babur ya tasa shi a gaba da zuwa safe da yamma, har wata safiya yaron ya fita daga ɗakinmu na Ketu da sunan neman aikin dako, bai dawo ba, wayarsa kuma a kashe. Ban gama zagayen ofisoshin 'yan sanda da asibitoci ba, sai annobar korona ta sa aka kulle Legas a ƙarshen watan Maris, aka rufe majami'u, nema ya tsaya cak.

Gwaggo, ƙanwar mahaifinmu da ke aure a Agege, ita ce ta fara furta cewa an yi wa yaron kurciya. A ganinta, ɗan da ya saba kiran uwarsa kowace Lahadi ba zai yi ɓatan dabo haka kawai ba, sai da hannun wani a ciki. Da aka sassauta kulle a watan Mayu, ba ta yi shawara da kowa ba, ta nufi wurin wani mai bugun ƙasa a bayan unguwarsu. Da bakinta ta ba ni labari: mutumin ya baje rairayi a faifai, ya tambayi sunan yaron da na mahaifiyarsa, ya yi ta ɗige-ɗige da yatsa yana sharewa, sa'an nan ya ɗago kai ya ce yaron yana da rai, yana kusa da ruwa, amma wata mace ta cikin gida, fara mai wushirya, ita ta kore shi. Da zuciyarta ta ɗan dame ta, a matsayinta na 'yar zumuntar matan ikkilisiya, sai ta nemi tabbaci wurin wani mai farar riga da ke kiran kansa annabi a bakin teku. Shi kuma ya karɓi kuɗin kyandir da turare, ya yi ta karkarwa da Littafi a hannu, ya ce maƙiyin yaron a gidan ubansa yake.

A Legas, in aka ce mutum yana kusa da ruwa ba a faɗi komai ba, domin duk garin a bakin ruwa yake. Amma fara mai wushirya a gidanmu mutum ɗaya ce, wato kishiyar Inna, wadda mahaifinmu ya aura tun kafin bishara ta shigo gidan, wadda kuma ita ta goye ni sa'ad da aka yaye ni. Kafin mako ya zagayo maganar ta isa ƙauye, matan da suka yi shekaru suna daka a turmi ɗaya suka daina gaisawa.

Daga nan Gwaggo ta zo ta same ni a kasuwar Mile 12, inda nake aikin sauke albasa. Ta ja ni gefe, ta miƙo mini baƙar leda da rigar ƙanena a ninke a ciki, ta ce mai duba ya ce za a yi masa kiranye, amma dole babban wansa ya kawo rigar da hannunsa, tare da jan zakara da kuɗin aiki. Na ce, "Gwaggo, ki yi mini haƙuri zuwa jibi." Ta ce, "Ɗan nan, addu'a muna yi, amma ai Allah ya ce tashi in taimake ka. Ko so kake uwarka ta mutu da baƙin ciki?" Ban iya ba ta amsa ba, gaskiya kuwa zuciyata ta rabu biyu, domin ni ma na gaji da shirun.

Akwai wani dattijon ikkilisiyarmu da nake kira Baba, tsohon soja, da ke gadin wani gida a Ketu. Wurinsa na je da daddare. Ya saurare ni har na gama, sa'an nan ya jawo Littafi Mai Tsarki na Hausa daga ƙarƙashin matashinsa, wanda bangonsa ya mutu har an ɗinke shi da zaren buhu, ya miƙo mini tare da tocila, ya ce idonsa ba ya gani da dare, in buɗe Maimaitawar Shari'a sura 18, in karanta daga aya 9. A wurin ne Musa ya gargaɗi Isra'ilawa kafin su shiga Kan'ana, cewa kada a sami mai duba a cikinsu, ko mai sihiri, ko boka, ko mai sha'ani da iskoki, ko mai tuntuɓar matattu, domin duk mai yin haka abin ƙyama ne ga Ubangiji, kuma saboda irin waɗannan ayyuka ne ake korar al'umman da ke ƙasar. Da na kai aya 14 na tsaya, sai ya ce, "Ci gaba, ɗana, yawancin mutane a nan suke rufe Littafin." A aya 15 Allah ya yi alkawarin tayar musu da annabi kamar Musa, wanda shi za su saurara, kuma a Ayyukan Manzanni sura 3 Bitrus ya nuna cewa Yesu ne wannan annabin. Baba ya ce Allah bai hana mu zuwa wurin boka don ya bar mu cikin duhu ba, ya hana ne domin ya riga ya tanada mana wanda za mu tambaya.

Na ce, "To Baba, in an tambaya an ji shiru fa?" Sai ya ce in buɗe 1 Sama'ila sura 28, kuma wannan labarin ne ya fi kama ni a daren nan, domin Saul, sarkin Isra'ila, ba arne ba ne. Shi da kansa ya kori masu sha'ani da iskoki daga ƙasar. Amma da Filistiyawa suka kafa sansani a Shunem, shi yana Gilbowa, tsoro ya kama shi, ya nemi Ubangiji, bai sami amsa ba, ko ta mafarki, ko ta Urim, wato abin da firistoci ke neman nufin Allah da shi, ko ta bakin annabawa. Sai ya ɓad da kama, ya ɗauki mutum biyu, ya tafi Endor da dare wurin wata mace, ya ce ta kirawo masa Sama'ila wanda ya riga ya rasu. Abin da ya ji bai ba shi mafita ko kaɗan ba: an shaida masa cewa gobe shi da 'ya'yansa za su mutu. Ya faɗi warwas a ƙasa, ga yunwa, domin yini da kwana bai ci komai ba, har matar da ya taɓa haramta sana'arta ita ta yanka masa ɗan maraƙi. Marubucin 1 Tarihi, a sura 10, ya lissafa wannan tafiya cikin dalilan mutuwar Saul. Na ga cewa abin da ya kai sarki Endor shi ne yake neman kai ni Agege, wato rashin iya jure shirun Allah.

Akwai gardamar da na sha ji, ni ma na kawo wa Baba ita, cewa ai wani lokaci masu duba suna faɗar abu ya zama gaskiya. Bai musa ba. Ya tuna mini da baiwar nan ta Filibi a Ayyukan Manzanni sura 16, mai aljanin duba, wadda iyayengijinta ke samun kuɗi mai yawa ta dalilinta. Ta yi ta bin Bulus da Sila tana cewa bayin Allah Maɗaukaki ne masu sanar da hanyar ceto, magana kuwa daidai ce, amma duk da haka Bulus ya umarci aljanin ya fita daga cikinta. Ashe Littafi bai rataya hanin a kan ko an dace ko ba a dace ba. Tambayarsa ita ce wadda Iliya ya aika wa Sarki Ahaziya a 2 Sarakuna sura 1, da ya faɗo daga bene ya aika a tambayo gunkin Ekron ko zai warke: don babu Allah a Isra'ila ne? Ishaya ma a sura 8 ya yi mamakin yadda za a nemi shawarar matattu a madadin masu rai.

Ni a nawa ganin, mai farar rigar nan ya fi mai faifai haɗari ga irinmu. Wanda ya je wurin mai bugun ƙasa ya san ya kauce, shi ya sa yake waiwaye kafin ya shiga zaure. Wanda ya je wurin mai sayar da wahayi kuwa yana fitowa da tunanin ibada ya yi, alhali ciniki ɗaya ne: ka biya, a gano maka ɓoyayyen abu, a nuna maka wanda za ka ƙi. Ban taɓa jin wanda ya dawo daga irin wuraren nan da umarnin ya je ya nemi gafarar ɗan'uwansa ba, kullum da sunan maƙiyi ake dawowa.

Mu kuwa ba baƙi ba ne a wannan harka. Kakata ta wajen uba 'yar bori ce, an yi mata girka tun tana budurwa, kuma na taso ina jin yadda duk shekara ake neman baƙar akuya don kada iskokinta su yi fushi. Ranar da aka yi mata baftisma ta fito da layu da tsummokin borinta ta ƙone a tsakar gida, kamar yadda mutanen Afisa suka ƙone littattafan sihirinsu a Ayyukan Manzanni sura 19, waɗanda aka ƙiyasta kuɗinsu azurfa 50,000. Gwaggo 'yarta ce, a gabanta aka yi. Wannan ne abin da na tuna mata da na mayar mata da ledar. Na durƙusa na ce, "Gwaggo, abin da Kaka ta ƙone ba zan je in sayo shi da jan zakara ba. Ki gafarce ni." Ta yi kuka, ta kira ni mai taurin kai, ta ce in yaron ya mutu alhakinsa a wuyana, ta tafi ba sallama.

Abin da Baba ya sa ni yi mai sauƙi ne, amma ya yi mini nauyi. Ya ce in kira kishiyar Inna in gaishe ta, in shaida mata ban yarda da zargin ba. Da na kira, ta daɗe ba ta ce uffan ba, sa'an nan ta tambaye ni ko ina cin abinci. Ya kuma ce kuɗin da zan kai wa mai duba in kai wa mai babur a rage bashi, domin yaron da kunya ta kora ba zai dawo ba matuƙar mai bashi yana tsaye a ƙofa. Sa'an nan muka wanke hoton ƙanena, muka rarraba wa direbobin manyan motocin da ke kawo albasa da tumatir daga Arewa, tun da su ne ke tsayawa a kowane zango.

Damina ta yi nisa kafin wani direba ɗan Sakkwato ya tare ni a bakin rumfa da hoton a hannunsa, ya ce ya ga mai kama da wannan yaro yana ɗaukar huhun goro a Sabon Shagamu, sai dai da wani suna ake kiransa. Yadda na je Shagamu, da abin da na tarar, da yadda muka ƙare da Gwaggo, sai a kashi na 10, mako mai zuwa in Allah ya kai mu.