Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Wanda ya tafi, da sunansa ake kiransa

Makon jiya na yi alkawarin kawo labarin tashinmu daga unguwar Birni zuwa Sabon Gari a Damagaram. Ku yi mini haƙuri, ya jira. Ranar Alhamis a kasuwa na ji wata mata tana ba maƙwabciyarta labarin ƴarta da aka yi wa tiyata. Wai da ta farfaɗo ta ce ta ga kanta kwance daga can sama, yanzu dangi sun shiga neman wanda ya kama mata kurwa. Tun ranar maganar Kaka take yi mini amo a kunne: "Wanda ya tafi, da sunansa ake kiransa, ba a jan shi da hannu."

Kun san Kaka unguwarzoma ce. Idan mai jego ta suma takan kori kowa daga ɗakin, ta zauna kusa da kanta tana kiran sunanta na yanka a hankali, ba na lakabi ba. Sai da na yi shekaru a bulok, wato ɗakin tiyata, ina sa wa mutane barci kafin na ga hikimar.

Maganin da muka fi aiki da shi ketamin ne. A 1962 aka haɗa shi a Amurka, a 1970 aka amince a riƙa yi wa mutane aiki da shi, kuma har gobe babu kamarsa a asibitin da wuta ke ɗaukewa ana tsakiyar fiɗa. Mutum yana ci gaba da numfashi da kansa, tansiyo, wato ƙarfin bugun jini, ba ya faɗuwa, ɗagawa ma yake yi. Macen da aka kawo daga ƙauyukan Mirriya ta zubar da jini tun asuba, shi ne rufin asirinta. Ta jijiya ana ba da miligiram 1 zuwa 2 a kowane kilo na nauyin jiki, a tura sannu a hankali cikin kamar minti guda. Wanda ya tura da gaggawa zai ga numfashi ya tsaya. Kafin minti ya cika mutum ya tafi, ya yi minti 5 zuwa 10. Yaron da aka rasa jijiyarsa a cinya ake yi masa, miligiram 5 zuwa 10 a kilo, a jira minti 3 zuwa 5, ya ɗauke shi wajen minti 20. Ketamin yana kawo yawu sosai, shi ya sa ake fara ba da atiropin, maganin rage yawu, don kada yawun ya gangara maƙogwaro ya shaƙe. Mai hawan jini da mai cikin da ke jijjiga, ba a kusantar su da ketamin.

Idanun wanda aka yi wa ketamin a buɗe suke zama, ƙwayar tana rawa hagu da dama. Sabon ɗalibi yakan zaci bai yi barci ba, ya miƙa hannu zai ƙara. Na riƙe hannaye da yawa a kan wannan.

Wahalar tana wajen dawowa, kuma manya sun fi yara shan ta. Wani ya ce yana lilo kusa da rufi yana kallon ƙafafunsa. Wani ya ce jikinsa ya zama tulu, wani ya ce ya bi wani dogon zaure mai haske. Ba ƙarya suke yi ba, kuma ba hauka ba ne. Jin da kake yi cewa kana zaune cikin jikinka, a bayan idanunka, aiki ne da ƙwaƙwalwa ke yi dare da rana ba ka sani ba. Shaidu uku take saurare kamar alƙali: ido, da cikin kunne inda ake gane tsaye da kwance, da gaɓoɓi da fata masu faɗin inda hannu da ƙafa suke. Wurin da ake haɗa shaidar yana sama da kunne, ta ɗan baya. Muddin bakinsu ɗaya, kana nan. Ketamin yana toshe bakin gaɓoɓi da fata, ya bar kunne yana jin muryoyin mutane, sai alƙalin ya yanke hukunci da shaidar da ta rage, ya ajiye ka a wani wuri dabam. A 2002 wani likitan ƙwaƙwalwa a Jeniba ta ƙasar Suwis, Olaf Blanke, ya taɓa wannan wurin ta gefen dama da ƴar wutar lantarki a kan wata mai farfaɗiya da ake shirin yi wa aiki. Nan take ta ce tana ganin kanta kwance a gado daga sama, ƙafafu da ƙasan jikinta kawai. Da aka ɗauke wutar ta dawo.

Maganin abin ba wuya. A haɗa da diyazefam kaɗan, maganin kwantar da hankali, a kwantar da mutum ta gefensa a ɗaki mai ƙarancin haske, a fitar da dangi sai mutum guda wanda ya san muryarsa. Kada a jijjiga shi, kada a mare shi, kada a watsa masa ruwa. Idan ya fara motsi a kira sunansa, a gaya masa inda yake: "Hajiya, kina asibiti a Damagaram, an gama aiki, yau Talata, azahar ta wuce." A dafa tafin ƙafarsa a ce ya ji hannun, a ce ya ji katifa a bayansa, ya ja numfashi ta hanci ya sake a hankali. Da haka shaidun ke sake haɗa baki ɗaya bayan ɗaya. Kaka ba ta taɓa jin sunan wani likitan Suwis ba, amma abin da take yi ke nan.

Bayan an karya darajar sefa a Janairun 1994 kuɗin magani ya ninka. Dangi su je farmasi da takarda su sayo abin da suka ga ya zama dole, su bar ƙaramar ampul ɗin diyazefam. A wannan shekarar ne aka yi wa wata ƴar unguwarmu fiɗar haihuwa, aka mayar da ita babban ɗaki cike da mata masu barka tun ba ta gama dawowa ba. Wata tsohuwa maƙwabciyarsu ta kawo kunun kanwa a kwano, ta sunkuya kanta tana salati da ƙarfi tana jan hannunta, don tausayi. Yarinyar ta ƙwalla ihu ta ce tana sama, ga tsohuwar nan tana jawo ta. Kafin la'asar an ce mayya ce. Bayan an sallamo yarinyar, a tsakar gida aka sa tsohuwar ta tsallake ta gaban yara da manya. Na je na gaya wa babbanmu cewa maganinmu ne ya jawo, ya kamata a kira dangin a yi musu bayani. Ko ɗaga kai bai yi ba, ya ce aikinmu ya ƙare a ƙofar bulok. Ya rasu, Allah ya gafarta masa, amma ban manta ba. Ni ma da ƙafafuna, gidan bai fi tafiyar minti 10 daga namu ba, ban je ba.

Dannau ɗan'uwan wannan ne. A lokacin mafarki ƙwaƙwalwa tana ɗaure naman jiki don kada mutum ya tashi ya aikata abin da yake gani. Wani lokaci hankali yakan riga jiki farkawa, sai ka ji ka kasa motsi, ƙirji ya yi nauyi, ka ga inuwa a bakin ƙofa, wasu ma su ji suna tashi sama. Ya fi kama mai kwanciya rigingine da wanda barcinsa ya rikice, irin mu masu kwanan aiki da ɗalibai lokacin jarrabawa. Daƙiƙoƙi yake yi, in ya daɗe ƴan mintoci, kuma ba ya kisa. Kokawa da shi ƙara tsoro take yi. Ka bar ƙirji ya yi numfashinsa, ka tattara hankalinka kan babban yatsan ƙafa ɗaya ko harshe har ya motsa, kana karanta abin da ka iya a zuci. Ka koma kwanciya ta gefen dama yadda sunna ta koyar, ka riƙe lokacin barci guda. Ɗan autanmu da haka ya rabu da shi.

Baba Malam yakan ce da ni, "To kai ɗan likita, ina ruhi a cikin bayaninka?" Nakan ce, "Allah ya gafarta Malam, ban taɓa shi ba." Aya ta 85 ta suratul Isra'i ta ce ruhi al'amarin Ubangiji ne, aya ta 42 ta Zumar ta faɗi karɓar rayuka a cikin barci, kuma na yi imani da su. Abin da na ƙi shi ne a ɗauki abin da mutum ya gani a wannan hali a kafa shaida da shi a kan wani. Turawa ma sun gwada. Binciken da wani likita mai suna Sam Parnia ya jagoranta, wanda aka fitar a 2014, ya bi mutum 2,060 da zuciyarsu ta tsaya a asibitoci 15 na Ingila da Amurka da Ostiriya. An ɗora hotuna a kan kantoci can sama, inda sai mai kallo daga rufi zai gan su. Ba a samu ko mutum guda da ya faɗi hoton ba.

Tsohuwar ta bar unguwar kafin damina, ta koma wajen ɗanta a ƙauye ta wajen Magarya, can ta rasu. Kwanon kunun kwana 3 ya yi a ƙarƙashin gado, masu shara ma sun ƙi taɓa shi. Ni na zubar da kunun na wanke shi na ajiye a ɗakinmu na kwanan aiki, da niyyar in mayar mata. Ranar da na yi ritaya yana nan saman kabad, yara suna zuba auduga a ciki.