Fulawar da Ta Ga Bazara

Shekara uku na yi ina aiki a wurin wani dattijo mai renon fulawa a bakin titi a Kano, wanda nake kira Baba. Da cika leda da ƙasa na fara, har na kai ana tura ni gidajen mutane in dasa musu. Yanzu wata sana'ar nake yi, amma har yau abokai kan kira ni su ce sun gama gini, suna son tsakar gida ta yi kore, ina za su samu bayani. Nakan fara musu da maganar da Baba ya yi mini a makona na farko, ranar da na nuna masa hoton wani kyakkyawan fure a wata tsohuwar mujalla. Ya duba, ya miƙo mini, ya ce, "Yaro, tambaye shi ko ya taɓa ganin bazara."

Sai da na daɗe kafin na gane nauyin maganar. Yawancin littattafai da bidiyoyin da mai sha'awar lambu zai ci karo da su a intanet daga Ingila ko Amurka suke, kuma babban abin da suke tsoro shi ne sanyi. Taswirar da ma'aikatar noma ta Amurka ta raba ƙasar da ita shiyya-shiyya, wadda ake rubuta lambobinta a jikin fakitin iri, an gina ta ne a kan mafi tsananin sanyin da kowane wuri ke samu a shekara. Shuka mai daɗewa a wurinsu ita ce wadda ƙanƙara za ta ƙone samanta, saiwar ta kwanta a ƙasa, ta sake tohowa idan gari ya yi ɗumi. Mu kuwa a Kano ruwa yakan zauna daga Yuni zuwa Satumba, sai a shafe wata bakwai ko takwas babu ɗigo. Hunturu ya zuƙe danshin ganye, sannan Maris, Afrilu da Mayu su zo da zafin da kan haura digiri 40. Duk shukar da za ta shekara a gidanka, a nan ake yi mata jarrabawa.

Na ga haka da idona a gidan wata hajiya da ta sayo wardi a Jos, cikin leda, jajaye da farare, gwanin sha'awa. Jos tana kan tudu mai tsawon kusan mita 1,200, iskarta daban da tamu. Muka dasa su a watan Disamba a jikin katangar da ke kallon yamma, suka yi kyau har Fabrairu. Kafin ƙarshen Afrilu zafin da katangar ke fitarwa da la'asar ya gasa su, duk da ban ruwa safe da yamma. Ta yi kuɗin 'yan garuwa ba kaɗan ba. Ranar da na je cire busassun itatuwan na ji nauyinta ƙwarai, domin ni na zaɓi wurin.

Tun daga nan na ɗauki ɗabi'ar da nake ganin ta fi kowane littafi amfani: yawo a watan Afrilu. Ka zaga tsofaffin gidajen unguwar Nasarawa, harabar tsofaffin makarantu, gidajen da masu su suka yi tafiya ba mai kula. Abin da ka tarar yana fure a lokacin, shi ne naka. Za ka ga boganbiliya ta hau katanga ta yi ja jawur, alhali ba wanda ya ba ta ruwa tun kaka. Asalinta daga Kudancin Amurka take, kuma abin da muke kira furenta ganye ne mai launi, ainihin furen ɗan ƙaramin fari ne a tsakiya. Idan ka cika mata ruwa da taki sai ta yi ta ganye ta ƙi fure, kuskuren da na gani a gidaje da yawa. Za ka ga lalle, wanda mutane suka manta cewa yana da fararen furanni masu ƙamshi. A bayan gari marga na zubo furanni ruwan ɗorawa gab da saukar damina, gurjiya kuma tana yin nata jajayen tun cikin hunturu, ba ganye ko ɗaya a jikinta. Ka yi sallama, ka roƙi reshe. Ban taɓa roƙa an hana ni ba, sau da yawa ma tsohuwar gidan kan ƙara maka da labarin yadda take kula da ita.

Wadda ta fi koya mini darasi ita ce kariya. Wani mutum ya zo da hoto a waya, yana neman wata fulawa mai kumburarren gindi da furanni ruwan hoda, ya ce a shagunan ƙasashen waje ake sayar da ita cikin tukwane masu tsada. Baba ya kalla ya ce ai kariya ce, a garinsu a bakin hanya take. Shuka ce ta ƙasarmu, tana ajiye ruwa a gindinta, tana fure da rani bayan ta zubar da ganye. Yawan ruwa ne ke kashe ta, gindin ya ruɓe daga ciki. Tana son ƙasa mai yashi da tukunya mai huda a ƙasa. Ruwan jikinta dafi ne, maharba sun daɗe suna shafa shi a kibiya, don haka ba na dasa ta inda ƙananan yara ke rarrafe, kuma ina wanke hannu bayan na yanke ta.

Wannan ne ya sa na fara neman gadar da ke tsakanin sunan da Baba ya sani da sunan da masana ke rubutawa. Wani malamin jami'a da ke sayen dashe a wurinmu ya nuna mini aikin J. M. Dalziel, likitan Birtaniya da ya yi aiki a Arewa, wanda a 1916 ya fitar da ƙamus na sunayen tsirrai da Hausa tare da sunayensu na kimiyya, sannan a 1937 ya fitar da babban littafinsa a kan tsirrai masu amfani na Afirka ta Yamma. Da na san kariya ita ce Adenium obesum, lalle kuma Lawsonia inermis, sai intanet ta zama mai amfani a gare ni. Na daina neman "fulawa mai kyau", na koma neman shuka da sunanta, ina karanta abin da masu lambu a Indiya da sauran ƙasashe masu zafi irin namu suka rubuta. Idan ban san sunan ba, manhajar Pl@ntNet mai gane shuka daga hoto kan taimaka, amma hoton fure take so. Hoton ganyen ƙaramin dashe yakan ruɗe ta, don haka nakan kai amsarta wurin Baba kafin in yarda.

Cibiyoyin gwamnati ma suna da nasu amfanin. Cibiyar wayar da kan manoma ta NAERLS da ke Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya na fitar da ƙasidu ga manoma, cibiyar binciken kayan lambu ta NIHORT tana da reshe a Bagauda, hukumar kula da yanayi ta NiMet kuma kan fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara. Hankalinsu ya fi karkata ga abinci, amma ƙasa ɗaya ce, ƙwari ɗaya ne, kuma sanin lokacin da ruwa zai zauna shi ke gaya maka ranar da za ka fitar da dashe daga leda.

Sauran duk a hannu na koye su. Haɗin da muke yi kashi biyu ƙasa ne, ɗaya yashi, ɗaya ruɓaɓɓen taki. Sau ɗaya na yi gaggawa na zuba ɗanyen kashin kaji a leda fiye da ɗari, saiwoyin suka ƙone cikin mako guda. Baba bai yi faɗa ba, sai ya sa ni na tona ramin taki da kaina, na riƙa juya shi ina yayyafa ruwa har ya yi baƙi, warinsa ya koma na ƙasa. Reshe mai farin ruwa a jiki ana barinsa a inuwa kwanaki bakin yankan ya bushe kafin a dasa. Busasshiyar ciyawa a gindin shuka na rage ban ruwa sosai, amma kada ta taɓa jikin itacen, saboda gara. Darɓa da fararen ƙwari kuwa, 'ya'yan darbejiya muke daka wa, mu jiƙa su kwana, mu tace, mu fesa da yamma.

Baba ba ya rubutu, komai a kansa yake. Ni na sayi ƙaramin littafi ina rubuta ranar da na dasa reshe, ranar da ya toho, wace katanga, wane wata ya yi fure, wane wata ya mutu. Yana nan wurina, ya sha ruwa da ƙasa. A shafin farko akwai rassan lalle shida da wata tsohuwa ta ba ni a cikin birni, huɗu suka kama. Ɗaya daga cikinsu yana ƙofar ɗakin mahaifiyata, ya fi ni tsawo yanzu, kuma daga jikinsa ƙannena mata ke tsinkar ganye idan salla ta matso.