Kwanon ƙwayar halitta: inda aikin ya kai

'Yan uwa masu koyo, barkanmu da war haka. Samfurin da nake haɗawa na gefen ƙwayar halitta ya fara kama jiki. Cikin kwanon ƙarfe shi ne fuskar ciki ta tantanin da ya lulluɓe ƙwayar. Na saƙa raga da jan ulu na shimfiɗa a kansa a matsayin zaren furotin ɗin aktin da mayosin, wanda a ƙwaya ta gaske kaurinsa ɗaruruwan nanomita kaɗan ne.

Duk mai son yin irinsa, ya ajiye gam gefe. Furotin ɗin da ke zaune a wannan gefe ba liƙe suke ba: suna kamawa, su saki su koma cikin ruwan ƙwayar, wasu su maye gurbinsu. Shi ya sa na je wajen masu gyaran firji na karɓo tsohuwar robar ƙofa, wadda ke da maganaɗisu a ciki, na yayyanka ƙanana. Ƙarfinta kaɗan ne, kuma abin da ake so ke nan.

Da ita na yi K-Ras, ɗaya daga cikin furotin ɗin nan. A samfurin, maɓalli ne mai gutsuren maganaɗisu biyu a baya. Ɗaya shi ne wutsiyar mai ta farnesil, mai kabon 15, da ake ɗaura wa furotin ɗin a ƙarshensa. Ɗayan kuma jerin laisin ne (wani tubalin furotin) mai caji na ƙari, wanda ke jan man tantanin mai caji na ragi. Da gutsure guda, in ka girgiza kwanon sai maɓallin ya zame. Da biyu sai ya zauna daram. Ɗan uwansa H-Ras ba shi da jerin laisin ɗin, wani man ake ƙara masa, palmitet, don haka nasa gutsuren na biyu na shafa masa fenti daban.

Ezrin, furotin da ke haɗa tantani da aktin, ya fi ba ni nishaɗi. Fil mai kulle na samo, domin shi ma a cikin ruwan ƙwaya naɗe yake, kai ya riƙe wutsiya, ba ya kama kowa. Sai ya haɗu da man PIP2 a tantani, aka kuma sa masa fosfet a tubalinsa na 567, wato tiriyonin, sannan ya buɗe, kai a tantani, wutsiya a aktin. In na ɓalle fil ɗin, tsininsa ya shiga ulun, kansa mai maganaɗisu ya kama kwanon. Ƙanwata 'yar aji uku da ganin haka ta gane, ban ce mata uffan ba.

Yanzu ina kan ƙwan tsutsar C. elegans, inda Ken Kemphues da abokan aikinsa suka bayyana ƙwayoyin gadon par a 1988. Rabin gaba na ƙwan shuɗayen maɓallai ne, furotin PAR-3 da PAR-6 da PKC-3. Rabin baya farare, PAR-1 da PAR-2. Fari ya kuskura ya faɗa gaba, PKC-3 zai sa masa fosfet ya saki tantanin. Iyakar tana nan tsaye alhali mazaunanta kullum canzawa suke.

Abin da ya rage shi ne kwararar ragar zuwa gaba bayan shigar maniyyi, wadda ke kwashe shuɗayen daga baya. Ina jan ulun, fil ɗin ezrin ke bi, maɓallan ko gezau. Wanda ya san yadda zan rataya su a ragar ba tare da na ɗinke su ba, ya taimaka min kafin in sayi wani ulun.