Godiya bayan an rufe baje kolinmu

Alhamdulillah jiya aka rufe baje kolin zanen gine-gine da na shiga, an kwance aikina an mayar cikin akwati, sai yanzu na samu natsuwar zama in ce na gode.

Zan fara da kiuretarmu, wadda ta tsara komai. Baiwar Allahn nan ba ta taɓa ganina ba, ba ni da wani gini tsayayye da zan nuna in ce ga nawa, zane-zane ne kawai da samfuri guda, amma ta sa sunana tare da matasan akitek, wato masu zanen gine-gine, na ƙasashe daban-daban. Ranar da akwatina ya iso muka buɗe wallahi sai da gabana ya faɗi, rufin samfurin ya rabe biyu ginshiƙai 3 sun karye ga shi saura kwana 2 a buɗe ƙofa, na tsaya kamar an dasa ni. Ita kuwa ajiye wayarta ta yi ta durƙusa ta ce miƙo min gam. Haka muka raba dare muna liƙi, da ita da wasu masu haɗa fitilu su biyu da ba ma jin yaren juna sai nuni da hannu. Hajiya Allah ya saka da alheri, ya ƙara ɗaukaka.

Dole kuma in ambaci Lesley Lokko duk da ba ta san da zamana ba. Ita ta jagoranci baje kolin gine-gine na birnin Venis da ke Italiya a 2023, karo na 18, mutum 89 ta gayyata fiye da rabi 'yan Afirka ne ko masu tushe a can, har da sashe guda na masu tasowa su 22. A shekarar ce aka ba Demas Nwoko, akitek ɗan Najeriya, kyautar Zakin Zinare ta baje kolin, kafin ta ƙare kuma Tosin Oshinowo, ita ma akitek 'yar Najeriya, ta buɗe na Sharja a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa. Ni a waya na bi su ina ta zuƙo hotuna har ido ya yi ja, kuma gaskiya daga nan na daina cewa irin wannan wuri ba namu ba ne, na cike fom ɗin shiga wannan baje kolin namu.

Malam, kai ka dawo min da zanen nan har sau 5 kana cewa iska ba ta da hanyar fita, lokacin na ji haushi sosai, to ka sani tagogin saman nan su mutane suka fi tambaya a kai. Wani dattijo ya fi minti 20 yana leƙa ciki kafin ya ɗago ya yi min jinjina.

Umma, addu'arki ce. Abokai da suka yi ta kira suna tura saƙo, ban amsa duka ba ku yafe min, in na huta zan bi ku ɗaya bayan ɗaya in sha Allah.