Kaskon ruwa da kyamara a tsakar gidana

Shagon hoto nake da shi a Zariya, kuma shekaru da dama abin da yake ciyar da ni da yaran shagona biyu shi ne hoton biki da na suna da na fasfo. Da wayar hannu ta cika gari, har kowace ƙawar amarya ta zama mai hoto, ciniki ya ja baya, sai na shiga neman abin da waya ba ta iya ɗauka. A tsakar gidana na same shi, wato hoton tsuntsaye, a gindin mangwaro, inda uwargida take zuba wa kaji ruwa a wani tsohon kasko.

Wanda bai san aikin ba yana zaton tsadar kyamara ce take kawo hoto, alhali ruwa ne. Daga Fabrairu zuwa Afrilu, idan zafi ya tsananta kududdufai suka ƙafe, duk tsuntsun unguwa sai ya biyo ta kan kaskon nan. Kurciya ce take fara sauka bayan gari ya waye, ta tsoma baki ta zuƙi ruwa ba tare da ta ɗago ba, saɓanin kanari da yake kurɓa ya ɗaga kai sama kafin ya sake kurɓa. Na kafa busasshen reshe kusa da kaskon, domin tsuntsu ba ya faɗa wa ruwa kai tsaye, sai ya tsaya ya duba hagu da dama, kuma wannan ɗan tsayawar ita ce jarina. Ni kuwa ina zaune a bayan zanar da na huda, da gilashin kyamara mai milimita 400, mai janyo nesa kusa, wanda na saya na hannu, na saita saurin ɗauka a kashi ɗaya cikin 1000 na daƙiƙa, in ba haka ba fiffike ya fito kamar hayaƙi. Da hantsi ya dubi ludayi nake tattara kayana, saboda hasken tsakar rana yana kashe launin gashin tsuntsu, sai kuma bayan la'asar.

Hunturu ya taɓa koya mini hankali, ranar da na sauya gilashi a fili ƙura ta shige cikin kyamarar, hotunan mako guda suka fito da ɗigo-ɗigo, ga kuɗin gyara. Yaran maƙwabta masu danƙo ma sun wahalar da ni, har sai da na fara nuna musu hotunan, yanzu su ne suke rugowa su ce, "Baba, cilakowa ta sauka a kan darbejiya."

Masu otal da makarantu da masu buga kalanda su ne abokan cinikina, kuma babu hoton da ya kai na alhudahuda fita, musamman idan ya buɗe tukkunsa, saboda kowa ya san labarinsa da Annabi Sulaiman (AS) a Suratun Namli. Dattawa kuwa shamuwa suke tambaya, wadda zuwanta yake nuna damina ta ƙarato. Akwai masu cewa in ƙara wa hoto launi a kwamfuta don ya yi ƙyalli a bango, amma ba na yarda, domin ɗalibin da ya ga irin wannan kanarin ba zai gane na gaskiya ba idan ya sauka a gabansa. A bayan kowane firam ina rubuta rana da wurin da na ɗauka, abin da na koya daga wani matashi da ya yi karatu a cibiyar nazarin tsuntsaye ta APLORI da ke dajin Amurum kusa da Jos.

Tsuntsun nan ragon maza ne har yanzu ya gagare ni. Kullum ina jin kukansa a cikin shingen bayan gida, kamar ana tsiyayar ruwa daga gora, amma rani uku ke nan abin da na samu a hoto wutsiyarsa ce kawai.