Abin da na koya daga bin sawun fashewar tauraron Refsdal

Hotunan da na'urar hangen nesa ta Hubble take ɗauka ana adana su a rumbun bayanai na MAST, wanda yake buɗe ga kowa, kuma daga can ne na sauko da hotunan gungun galaksi (galaksi shi ne babban tarin taurari masu ɗimbin yawa) mai suna MACS J1149.5+2223 domin in gwada da hannuna abin da na daɗe ina karantawa. Hasken wannan gungu yana shafe kusan shekara biliyan 5 kafin ya iso gare mu, sannan a can bayansa akwai wata galaksi wadda wani tauraro ya fashe a cikinta sama da shekara biliyan 9 da suka wuce. Nauyin gungun yana lanƙwasa sararin da ke kewaye da shi, don haka hasken fashewar ya rabu ya bi hanyoyi daban-daban, kamar fatake da suka bar gari rana ɗaya amma kowane ayari ya ɗauki tasa hanyar, wani ya riga wani isa.

Aikin farko shi ne daidaita tsohon hoto da na watan Nuwamba na 2014, sannan a cire ɗaya daga ɗaya. Da na yi haka, galaksi duka suka shuɗe, sai ɗigo huɗu masu haske suka rage, sun kewaye wata galaksi mai siffar ƙwai. Su ne Patrick Kelly ya fara gani a wancan watan, aka kuma raɗa wa fashewar sunan Sjur Refsdal, masanin ƙasar Norway wanda tun 1964 ya nuna cewa tazarar lokaci tsakanin irin waɗannan hotuna za ta iya auna saurin faɗaɗar sararin samaniya.

Auna hasken ɗigon huɗu ya fi yadda na zata wuya. Wannan fashewa a hankali haskenta yake hawa, a hankali kuma yake sauka, saboda haka tazarar 'yan kwanaki ko makonni da ke tsakaninsu tana ɓacewa cikin rashin tabbas na awo, ga kuma taurarin galaksin da ke gaba suna ƙara wa kowane ɗigo haske ko su rage masa. A nan na fahimci dalilin da ya sa masana suka zuba ido kan hoto na biyar.

Galaksin da tauraron yake ciki ta bayyana sau uku a hoton, ɗigon huɗu kuma duk a siffa ɗaya daga cikin ukun suke, don haka ƙungiyoyi daban-daban suka lissafa wuri da lokacin da fashewar za ta sake fitowa, suka wallafa hasashensu tun kafin ta fito. Ranar 11 ga Disamba 2015 Hubble ta gan ta a inda aka faɗa, kuma daga baya aka auna tazarar da ke tsakanin bayyanar farko da wannan hoto na biyar ta kai kimanin kwana 376. Wannan mataki na bayyana hasashe kafin a ga sakamako shi ne ya fi burge ni a duk al'amarin, domin ya rufe ƙofar gyara lissafi bayan an san amsa.

Da na yi ƙoƙarin gina taswirar nauyin gungun da manhajar Lenstool, sai na ga inda ainihin wahalar take. Mafi yawan nauyin na wani abu ne da ba ya ba da haske, ba a kuma ganin sa, sai dai a gane shi ta yadda yake karkatar da haske. Nakan ɗan sauya yadda na rarraba shi, wuraren hotunan su ci gaba da dacewa, amma tazarar lokacin ta matsa. Tun daga nan ba na karɓar wani adadi sai na tambayi wace taswira aka dogara da ita.

Masana suna gardama kan saurin faɗaɗar sararin samaniya, domin hanyoyin awo daban-daban suna ba da adadi daban-daban. Sakamakon 2023 na Refsdal ya ba da saurin kimanin kilomita 66.6 a daƙiƙa ga kowace megafasek (nisan da haske ke yi a kusan shekara miliyan 3.26), kusa da 67.4 na tauraron ɗan'adam na Planck, alhali wata fashewar tauraro mai suna H0pe da na'urar hangen nesa ta James Webb ta gano a 2023 ta ba da kusan 75, wanda ya fi kusa da 73 da ake samu daga galaksi na kusa. A ganina fashewa biyu ba su isa raba gardamar ba, kuma wani hoto na wata fashewar mai suna Requiem, a gungun MACS J0138, a 2021 an yi hasashen ba zai bayyana ba sai wajen 2037.