Wadda Allah ya aiko

Watan da aka sallame ni daga aiki, wata gwauruwa ce daga ikilisiyarmu ta fara ƙwanƙwasa mini ƙofa, takalminta duk ɗinki. Ta cusa mini kuɗi a tafin hannu, ta ce, "Ɗana, riƙe wannan, kada ka ce komai." Masu hali kuwa ta waya suka yi mini addu'a. Ban raina ba, amma abin ya tsaya mini a rai.

A ganina tanadin Allah bai gaza ba, a ɗakunan wasu yake kwana. A Littafin Fitowa sura 16, wanda ya ɓoye manna, wato abincin da Allah ya saukar wa Isra'ilawa a jeji, ta kwana, tsutsotsi ya tarar da safe. Labarin mannar nan Bulus ya tuna wa Korintiyawa sa'ad da yake tara gudummawa domin matalautan Urushalima.